Fulawar da ba a soya fanke da ita

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Yau na kwashe tarkacen da ke lungun bayan kicin. Da gangan nake cewa lungun bayan kicin, domin ranar da na gaya wa wata abokiyar aikina cewa zan yi lambu a bayan gida, sai da ta dafe ciki don dariya, ta ce ai kuwa na huta da sayen taki. Wurin bai taka kara ya karya ba, taku tara ne a tsaye, biyar a kwance. Katangar maƙwabta ta tare shi ta yamma, saboda haka rana na dukansa tun hantsi har azahar, daga nan inuwa ta sauko. Shekararmu bakwai a gidan nan a Zariya, kuma duk abin da aka rasa inda za a jefa, nan yake ƙarewa. Na fitar da tayoyi biyu, fasassun bokitai, gwangwanayen fenti, tsagaggen turmi, da takalmi ƙafa ɗaya wanda har yanzu ba wanda ya amsa cewa nasa ne.

Azumin bana ne ya ja ni. Ya faɗo a tsakiyar bazara, zafi kamar mutum ya narke, kuma tagar da nake tsayawa ina aikin buɗa-baki wannan lungun take kallo. Wata guda cur ina kallon taya. Da muka je biki Jos bayan Sallah, na sauka gidan wata 'yar'uwa, na tarar da ƙofar ɗakinta ja da fari da ruwan ɗorawa, duk a cikin tsofaffin robobin fenti. Na dawo abin na raina.

Na gaya wa Inna, mahaifiyar Malam da ke zaune tare da mu, cewa ina so in sayo fulawa. Ta ce Sallah ta wuce, cincin ɗin me kuma? Na yi mata bayani. Ta yi shiru, sannan ta shiga tambaya ɗai-ɗai kamar alƙali.

"Ana ci?"

"A'a, Inna."

"Ana kaiwa kasuwa?"

"A'a."

"Magani ce?"

"Kallo kawai ake yi, Inna."

"Kallo." Ta ja carbinta. "To Allah ya ba da sa'a, 'yar nan. Mu dai a garinmu ko tafin hannu aka samu a ƙofar ɗaki, kuɓewa ake sawa."

Ban ga laifinta ba. Ni ma a gidan da na tashi, duk abin da aka ba ruwa sai ya biya da miya ko inuwa.

Asabar, 4 ga Mayu

Ƙasar wurin burji ce da ragowar simintin magina. Fartanya ta ƙi shiga, sai da na aro diga, yaron da ke mana aike ya kwana biyu yana sara. Mun fitar da duwatsu baro huɗu. Na sa aka kawo baƙar ƙasa daga bakin fadama da yashi, sannan na roƙi Inna tsohon takin da ya taru a garken awakinta. Wannan kam da daɗin rai ta bayar, dama mai share mata take nema.

Da yamma Malam ya kai ni wurin masu sayar da fulawa a bakin titi. Na tsaya gaban wani dattijo da ya jera shuke-shukensa a baƙaƙen ledoji ƙarƙashin dogon yaro. Shi ya ba ni ma'aunin haɗi: kwano biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na takin da ya huce. "Wanda ya huce" ɗin nan sau biyu ya maimaita shi, ni kuwa idona na kan wani jan wardi da ke gefe.

"Hajiya, wannan ki bar ta. 'Yar Jos ce, ba ta san wahala ba."

"Baba, ai ita na zo saya."

"To, kuɗinki ne. Amma ki haɗa da waɗannan, in ta tafi su rage miki zafi."

Maganar Jos gaskiyarsa ce. Garin yana kan tudun da ya haura mita 1,200, sanyinsa daban, shi ya sa wardi da dankalin Turawa suke sakewa a can. Na dai saya. Na dawo da wardi ɗaya, boganbiliya biyu, iksora ɗaya, feriwinkil uku, da wata mai kumburarren gindi kamar tulu, ba ganye a jikinta sai furanni ruwan hoda a kan tsirarun rassa. Ya kuma tsinko mini 'yan rassan wata mai rarrafe a matsayin gyara, ya ce sunanta ƙarfe goma, zan ga dalili da idona.

Inna na ganin mai kumburarren gindin ta riƙe baki. "Kuɗi kika bayar a kan kariya?" Ashe tun tana yarinya ta san ta, a dajin garinsu take fitowa, ba mai ko waiwayarta. Ta ja mini kunne kada yara su taɓa ruwan jikinta, dafi ne, masunta na kashe kifi da shi, maharba na shafa wa kibiya. Na bincika, haka abin yake. Turawa kuwa wardin hamada suke ce mata, suna renonta a tukunya kamar jinjiri. Na ɗora tata tukunyar a kan tsohon teburi, inda hannun Auta ba zai kai ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na kashe iksora. Maƙwabciyata mai kiwon kajin gidan gona ta aiko mini da buhun kashin kaji, ɗanye, da ɗuminsa. Banza ta samu, na zuba mata cikin hannu uku a gindi wai don ta yi saurin girma. Kwana huɗu ganyen ya ƙone tun daga baki kamar an bi shi da ashana. A nan "wanda ya huce" ɗin Baba ya dawo mini. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, sai an tara shi an jiƙa, an bar shi ya ruɓe wata biyu ko uku. Ragowar buhun na juye a rami a ƙuryar lungu, na haɗa da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa, na rufe.

Asabar, 1 ga Yuni

An yi ruwan shuka a tsakiyar mako. Na tayar da fangali biyu, na shuka irin ziniya da marigol da wata malama mazauniyar Samaru ta ba ni a ƙullin takarda. Daren jiya aka sake yin ruwa da iska, da safe na ga abin da shekara bakwai ban lura da shi ba: indararon kicin a kan fangalin farko yake zuba. Ya haƙa rami, ya kwashe irin ya kai bakin rariya. Na mirgino tsohon duro na kafa a ƙarƙashinsa, na rufe bakinsa da yadi saboda sauro, na sake shuka. Wannan karon a layi na yi, ban watsa ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Sun fito! Bayan sallar asuba na tsuguna da fitilar waya ina ƙirgawa, na samu 43. Ni da na haifi 'ya'ya huɗu, ban taɓa zaton ganye biyu masu girman ƙwayar shinkafa za su sa in je in taso Malam daga kan buzunsa ba. Ya zo ya duƙa, ya ce, "Ma sha Allah. Su ne, ko ciyawa ce?" Na ji haushin tambayar, amma da gari ya waye na ga kusan rabi ciyawa ce. Layin da na yi ne ya cece ni, duk wanda ya fito a wajen layi baƙo ne. Ƙadangaru sun fara datse kawunan na gefe, sai na kafa kara na lulluɓa tsohon gidan sauro.

Yau kuma na ga dalilin sunan ƙarfe goma. Da hantsi na fito shanya, na tarar tayar da na dasa ta a ciki ta cika da furanni ja da ruwan goro, kamar an zazzage akwatin zaren saƙa. Sai rana ta ɗaga take buɗewa, kafin la'asar ta rufe, ranar da hadari ya rufe sama kuwa ba ta ko leƙowa. Wato ta kwana biyu tana wannan ado ban sani ba, don ƙarfe bakwai nake fita makaranta, in dawo ta riga ta kulle. Ranakun hutun ma kasuwa da unguwa ke cinye mini hantsin. Inna ce kaɗai ke gida a wannan lokacin. Na tambaye ta ko ta gani, ta ce ita me ya kai ta lungu.

Talata, 18 ga Yuni

Hidimar Babbar Sallah ta ɗauke hankalin kowa. Jiya muna tsakar gida muna suyar nama, jar akuyar Inna ta tsinke igiya ta zagaya. Kafin Auta ya gan ta ta tsige ganyen wardi tas, ta yi wa boganbiliya ɗaya aski, ta bi layin ziniya tana cire kawuna. Feriwinkil ce kawai ta shinshina ta wuce.

Na zauna a kan duro na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Malam ya zo rarrashi, ya kawo hadisin nan da ke cewa duk Musulmin da ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, sadaka ce a gare shi. Na ce na karɓa, amma da an bari na zaɓi wanda zan ba sadakar.

Inna ba ta ce uffan ba. Yau da safe sai ga almajirai biyu da damin kara, ta tsaya a kansu har suka kafa danga a bakin lungun, da 'yar ƙofa ta langa-langa. Na yi mata godiya. Ta ce, "Ba don fulawarki na yi ba. Kada akuyata ta ci kariya ta mutu."

Asabar, 13 ga Yuli

Abin mamaki, ziniyoyin da akuya ta datse sun fi sauran kyau. Kowace ta fitar da reshe biyu daga inda aka cije ta, ta yi ƙasa-ƙasa ta cika, waɗanda suka tsira kuwa sun miƙe zalo-zalo kamar sandar rake. Na ba Baba mai fulawa labari, ya yi dariya har da tafawa, ya ce akuyar ta fi ni sanin aiki. Haka ake yi dama: in tsiro ya kai kamar taƙi ɗaya, a tsinke kansa da farce, sai ya yi rassa, kowane reshe kuma da furensa. Na dawo na bi sauran na tsinke, hannuna na rawa. Na kuma rage su, na bar tazarar taƙi guda tsakani, na dasa waɗanda na cire a gwangwanaye.

A jikin danga kuma na tarar da layin tsirrai da ban shuka ba. Yakuwa ce da kuɓewa, sai sanduna uku da aka soka a ƙasa, lalle. Ban tambaya ba, mai shukar ma ba ta faɗa ba. Ina ba su ruwa tare da nawa.

Laraba, 7 ga Agusta

Tun ranar Litinin aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya saboda zanga-zanga. Kowa na gida, rediyo a kunne, rai ba daɗi. A cikin wannan hali ziniya ta farko ta buɗe jiya, kwana 66 da shuka. Ruwan hoda ce mai duhu. Yau an ƙara uku, ɗaya jawur, biyu ruwan goro, marigol ma ya fara.

Tunda ba inda za ni, na ɗauko kujera 'yar tsuguno na zauna a gabanta, na yi mata kallon da ban taɓa yi wa wani tsiro ba. Abin da nake ɗauka fure ɗaya ne ashe taro ne. A tsakiya akwai wani tudu, a jikinsa wasu 'yan mitsi-mitsin furanni ruwan ɗorawa masu kamar taurari sun yi zobe, kowane da bakinsa. Wannan zoben kullum hawa yake yi sama kaɗan-kaɗan, na ƙasa su bushe, na sama su buɗe. A kansu ƙudan zuma ke sauka, bai damu da manyan ganyayen da suka ruɗe ni ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya malam-buɗe-littafi ya iso, baƙi mai ɗigon ruwan ɗorawa, ya warware wani siririn baki da ke naɗe kamar igiyar agogo ya zura. Auta ya daina numfashi. Yayarsa da ba ta rabuwa da waya ta ajiye ta, sannan ta sake ɗauka don hoto. Shekara bakwai ban taɓa ganin malam-buɗe-littafi a gidan nan ba. Ta ina labari ya kai masa, Allah masani.

Da ziniya da marigol duk 'yan Meziko ne. Ziniya ta ci sunan wani masanin tsirrai Bajamushe, Zinn, na ƙarni na 18. Marigol kuwa a jikin fakitin iri sai ka ga an rubuta "na Afirka", alhali baƙo ne kamar masara da tumatir da barkono, waɗanda su ma daga can nahiyar Amurka suka zo muka mayar da su 'yan gida. Warin ganyensa bai yi wa Malam ba, ya ce kamar an murza tafasa. Ni kuwa har na fara sonsa.

Feriwinkil ta ba ni abin faɗa wa Inna. Asalinta Madagaska, kuma daga jikinta masana suka fitar da magungunan da ake yi wa masu kansar jini amfani da su a asibiti, musamman yara. Na ce, "Inna, kun tambaya ko magani ce, to ga ɗaya." Ta ce a tsinko mata ta dafa. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa ɗanyarta guba ce, shi ya sa akuyarta ma ta ƙi.

Asabar, 24 ga Agusta

Ruwa ya yi yawa. Kwana biyar rana ba ta fito sosai ba. Ganyen ziniya na ƙasa ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, na bi na tsinke na ƙone. Darɓa ta kama tohon kuɓewar Inna da na boganbiliya. Na daka ganyen dogon yaro, na jiƙa ya kwana, na tace, na ɗiga ɗan ruwan sabulu, na fesa da yamma. Sau uku na yi a mako, ta ragu sosai.

Wardi ta tafi. Tun cin akuya ba ta gama farfaɗowa ba, shekaranjiya na taɓa ta sai ta biyo hannuna. Gara ta cinye saiwar, ta bi cikin karan ta mayar da shi bututu. Fure biyu kacal ta yi mini a rayuwarta, kuma ta fi duk sauran tsada.

Kariya ma saura ƙiris. Na latsa gindin na ji ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen gwanda a gefe ɗaya. Laifina ne: tsiron da ya saba da tsandauri na sa a baƙar ƙasa, a robar da hujinta ya toshe, na bar shi a ruwan Agusta. Na sa leda a hannu, na tumɓuke ta, na yanke ruɓaɓɓen da wuƙa har na kai fari mai tauri, na barbaɗa toka, na ajiye ta a inuwa. In ta sha iska kwana biyar zan mayar da ita tukunyar ƙasa mai huji, yashi ya fi yawa, a ƙarƙashin rumfa.

Asabar, 14 ga Satumba

Boganbiliya ta haye katanga, kore shar, ƙaya kamar farcen shaho, fure ko ɗaya babu. Ina ba ta ruwa, na ba ta ruɓaɓɓen takin kajin nan, har takin zamani 15-15-15 na barbaɗa mata. Baba ya ce, "Hajiya, kin cika mata ciki. Wanda ya ƙoshi me zai sa ya yi kwalliya?" Na ɗauka zolaya ce irin tasa.

A hanyar Giwa ranar Lahadi na hango wata gonar dawa ta yi shunayya da furanni, gwanin kyau. Na ce Malam ya tsaya in tumɓuko. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Wuta-wuta ce. Saiwarta take manna wa ta dawa ta tsotse ta, irinta kamar ƙura, yana iya shekara goma ko fiye a ƙasa yana jiran a shuka hatsi. Mai gonar da zai ga wata ta fito daga mota tana yaba kyanta, ban san me zai ce ba. Mun wuce. Amma tana da kyau, wannan ba zan janye ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Yakuwar Inna ta yi fure. Da safe na same ta a lungun, wai ta zo duba ko kuɓewa ta isa tsinka. Na ce ta zo ta ga wani abu. Na tsinko furen kuɓewa na kara kusa da na yakuwa: ganye biyar-biyar masu laushi kamar siliki, fari mai ratsin ɗorawa, tsakiya ja mai duhu kamar an ɗiga jini, da ɗan sanda a ciki. Kamar uwa ɗaya ta haife su, kuma haka ne, dangi ɗaya ne su da rama da auduga. Kowane fure yini ɗaya yake yi, da safe ya buɗe, da yamma ya yanƙwane. Jan abin da muke dafa zoɓo da shi kuwa kwanon da furen ke zaune a ciki ne, bayan fure ya faɗi sai ya kumbura ya yi nama.

Inna ta karɓa ta kai kusa da ido, ta juya shi ta sake juyawa. Ta ce ta fi shekara sittin tana shuka yakuwa, ta tsinki ganyenta, ta ɓare zoɓonta, ta yi daddawar batso da 'ya'yanta, amma ba ta taɓa tsayawa ta dubi furen ba. "Ashe haka Allah ya yi shi," in ji ta. Ta daɗe a tsaye. Daga nan ta ce kuɓewar ta kusa tsufa, in kawo kwano.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kusan mako guda ke nan babu wutar lantarki a yawancin jihohin Arewa. Ruwan sama ya ɗauke, rijiyoyin burtsatse na unguwa sun tsaya sai masu janareta, 'yan garuwa sun ninka kuɗin jarka, ita ma sai da roƙo. Duron indararo ya ƙafe. Ba ni da fuskar da zan sayi ruwa in zuba wa fulawa alhali ana auna na girki.

Na ajiye babban baho a inda muke alwala, kowa ya yi a ciki. Mutum bakwai, salla biyar, ruwan da ke taruwa ya ba ni mamaki. Na haɗa da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya. Mai omo ba na zubawa. Ko da haka bai isa kowa ba, sai na yi rabo: lalle da feriwinkil da ƙarfe goma su samu, ziniya dama ta tsufa, na bar ta ta yi iri. Boganbiliya ko ɗigo. Na ce wata biyar kina ci kina sha ba ki biya ba, ki ji da kanki.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Baba ya yi gaskiya, kuma na je har rumfarsa na faɗa masa. Boganbiliyar da na yi wa horon ƙishirwa ta zubar da rabin ganyenta, na ɗauka mutuwa za ta yi, sai ga kan kowane reshe ya yi jan toho. Yau katangar yamma tun daga sama har ƙasa shunayya ce mai haske, ɗayar kuma ruwan goro, har ta leƙa gidan maƙwabta. Haka ɗabi'arta take: ruwa da taki su yi yawa ta yi ta ganye, in ta ji rani sai ta yi fure. Yanzu sau ɗaya a mako nake ba ta, in ƙasar ta bushe ƙamas.

Nan ma an ruɗe ni. Abin nan mai launi, mai kamar takardar naɗe alawa, ganye ne ya rikiɗe. Furen gaskiya ɗan fari ne siriri, uku-uku a tsakiya, sai ka matsa za ka gan shi. 'Yar Barazil ce, an sa mata sunan Bougainville, Bafaranshen da jirginsa ya zaga duniya tsakanin 1766 da 1769. Daga can ta zo ta samu rani irin namu ta ce nan ne gida.

Maƙwabciyar da ta aiko mini da kashin kaji ta aiko a tambaya ko ana ba da iri.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Hunturu. Ƙura ta rufe komai, ganye ya yi fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Ran Asabar nakan yayyafa musu ruwa in wanke su. Na shimfiɗa ɓawon gyaɗa a gindin kowace, ƙasar na riƙe laima kwana uku maimakon ɗaya, sai dai ina ɗagawa in duba gara.

Na murje busassun kawunan ziniya da marigol a faranti. Irin ziniya kamar kan mashi yake, na marigol kamar 'yan tsinkaye baƙi da fari. Ƙullin takarda ɗaya aka ba ni, yanzu ina da ambulan shida, na rubuta launi a bayan kowace. Biyu sun tafi makaranta, ɗaya Funtuwa wurin ƙanwata. Rassan boganbiliya goma na yanka na soka a ledojin ruwan sha da na cika da yashi, huɗu sun yi toho.

Wani ɗan tsuntsu mai lanƙwasasshen baki, wuyansa na ƙyalli, ya fara zuwa da sassafe. Inna ta ce sha-kauci ne. Ta san lokacin zuwansa fiye da ni, abin da ya nuna mini inda take shan hantsinta yanzu.

Asabar, 22 ga Maris

Azumi ya zagayo, yau 22 ga wata. Ina tsaye a tagar nan ina yanka albasa, abin da ke gabana kariya ce. Ta zubar da ganye tas tun sanyi, tabon wuƙata na nan a gindinta, amma kan kowane reshe furanni ne ruwan hoda masu fari a ciki, a tsakiyar zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Na ƙirga goma sha bakwai.

Lallen Inna ya kai ƙirjina. Ta tsinki ganye ta shanya a faifai, ta ce na Sallar jikokinta ne, ba za a sayi na kasuwa ba bana.

Asabar, 19 ga Afrilu

Gobe shekara guda. Waɗanda suka mutu: iksora, wardi, feriwinkil ɗaya da ban san me ya same ta ba, da rassan boganbiliya shida. Sauran na nan. Takin ramin ƙurya ya zama baƙi mai laushi, ba wari, na kwashe buhu biyu na jiran ruwan shuka. Ina so in matsar da danga gaba taku uku, in Malam ya yarda a ɗauke masa tsohon babur ɗinsa daga wurin.

Shekaranjiya Inna ta aiko Auta wai in cika mata tsagaggen turmin nan da ƙasa, in sa mata ƙarfe goma a ƙofar ɗakinta. Na je da kaina na ce, "Inna, ba a ci fa." Ta ce ta sani, in dai sa mata mai ruwan goron.

Da yamma na koma wurin Baba sayen tukwane. Ga wata wardi a gefe, fara wannan karon. Na ce a tukunya zan sa ta, in ɗora a kan bulo inda gara ba za ta kai ba, rana da safe kawai. Ya dube ni, ya dubi Malam, ya girgiza kai, ya ɗauko leda.